Gwanjon ƴaƴan dawaki a Deauville: idan fata ake saye, wa ke cin riba?

Kowace shekara a tsakiyar watan Agusta, lokacin da mu nan hankalinmu ke kan damina da farashin tiyar hatsi, wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin ƙasar Faransa yakan ci kasuwarsa ta kwana 3. Sunan garin Deauville, cikin yankin Normandi, wajen kilomita 200 daga birnin Paris, kuma mazaunansa ba su kai 4,000 ba. Hajar da ake bajewa a wannan kasuwa duƙusai ne, wato ƴaƴan dawakin sukuwa masu shekara ɗaya da ƴan watanni, waɗanda ba a taɓa ɗora musu sirdi ba, balle a san gudunsu. Duk da haka a shekarar 2015 an sallama guda ɗaya a kan yuro miliyon 2 da dubu 600, kwatankwacin sefa miliyar 1 da miliyon 705. A ƴan shekarun nan kuwa, idan aka raba kuɗin cinikin watan Agusta bisa yawan dawakin da aka sayar, kowane ɗaya yana haura yuro dubu 200, ke nan sama da miliyon 130 na sefa.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da wasan masu hannu da shuni? Ruwanmu biyu ne. Na farko, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kiyos ɗin PMU a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya ga sunan Deauville a takardar tsarin sukuwa, domin dawakin da ake zuba wa kuɗi a can Faransa suke gudu, kuma da yawa daga cikinsu ta irin wannan kasuwa suka biyo. Na biyu, kasuwar dabbobi ce kamar tamu, da mai kaya, da dillali, da la'ada, da tayi, da albarka. Ɗan kasuwa kuwa bai kamata ya ji labarin inda ake sayar da dabba ɗaya a kan miliyar ba, ya wuce bai tambayi yadda ake yi ba.

Takarda kafin doki

Tun 1887 ake gwanjon duƙusai a Deauville. Kamfanin da ke riƙe da kasuwar a yau shi ne Arqana, wanda aka kafa a 2006 bayan haɗewar wasu gidajen gwanjo guda biyu, tare da jarin marigayi Aga Khan na huɗu, babban mai kiwon dawaki da ya rasu a watan Fabrairu na 2025. Dawakin da ake kawowa na wani iri ne guda, wanda Faransawa ke kira pur-sang, ma'ana mai jini tsantsa. Turawan Ingila ne suka samar da shi sama da shekara 300 da suka wuce, da suka haɗa goɗiyoyinsu da ingarmun da suka sayo daga ƙasashen gabas. Duk dokin wannan iri da ke duniya a yau, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, za a tarar ta tsaya ga ɗaya daga cikin ingarmu 3. Ingila ta buɗe littafin rubuta asalin dawakin a 1791, Faransa ta buɗe nata a 1833, kuma tun daga lokacin ba a daina rubutu ba.

Wannan littafi shi ne jarin kasuwar. Dokin da ba ya ciki, ko da ya fi iska gudu, ba ya shiga gwanjon. Kafin a rubuta ɗan doki sai an gwada jininsa ko gashinsa an tabbatar da uwa da uba, a dasa masa wata ƴar na'ura mai lamba a wuya, a yi masa fasfo. Haka kuma doka ta ce sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Ɗan da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya maniyyi, kamar yadda ake yi wa shanu, ba a karɓarsa a littafin. Wannan doka tana taƙaita yawan ƴaƴan da ingarma ɗaya zai iya haifa a shekara, abin da ya yi ƙaranci kuwa kowa ya san yadda farashinsa ke yi.

Makonni kafin ranar kasuwa, kamfanin yakan buga kundi, kowane duƙushi da shafinsa: ubansa, uwarsa, kakanninsa, da abin da kowannensu ya ci a filin sukuwa. Danginsa da suka yi nasara a manyan gasa ana rubuta sunansu da baƙin rubutu mai kauri. Da mai saye ya buɗe shafi ya ga baƙi ya yi yawa, ya san sai ya kwance lalita. A Faransa ana haihuwar irin waɗannan dawaki wajen 5,000 a shekara, amma wajen 300 kaɗai ake zaɓa su shiga gwanjon Agusta. Sauran sai su jira gwanjon watan Oktoba da wasu ƙananan kasuwanni, inda farashi ke ƙasa nesa ba kusa ba.

Yadda kasuwar ke ci

Kwanaki kafin a soma, masu saye da dillalansu suna zagaya barga-barga. Ana fito musu da duƙushi, a yi tafiya da shi gaba da baya, su dubi ƙafafu, ƙirji da yadda yake taka ƙasa. Mai kaya kuma yakan ajiye hotunan ƙasusuwan dabbarsa a wani ɗaki na musamman, inda likitan dabbobi na mai saye zai je ya duba. Wasu har sukan sa a zura na'ura ta hanci a leƙa maƙogwaro, domin dokin da numfashinsa ke da matsala ba ya kai ƙarshen tsere. Ke nan aibin da a kasuwarmu ake ɓoyewa sai an kai dabba gida, a can mai kaya ne da kansa ke kawo hotonsa. Ba don ya fi mu tsoron Allah ba. Ya san in bai kawo ba, manyan masu saye ba za su ɗaga hannu a kan kayansa ba.

Idan lokaci ya yi, ana shigo da duƙusai ɗaya bayan ɗaya cikin wani zagayayyen fili, mai gwanjo yana sama yana kiran farashi, allo yana nuna kuɗin da yuro da dala da fam. Wani ya ɗaga kundi, wani ya gyaɗa kai, wani yana can wata ƙasa yana tayi ta waya ko ta intanet. Cikin minti 2 ko 3 an gama. Mai kaya yakan faɗa wa kamfanin tun farko farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai nan ba, to albarka ke nan, ya ja abinsa ya koma gida. In kuwa guduma ta sauka, mai saye ya sa hannu nan take, daga wannan lokaci doki ya zama nasa, ko ya rayu ko ya mutu. Shi ya sa masu inshora ba sa nisa da wurin. Baƙon da ba a sani ba kuma ba ya tayi sai bankinsa ya tsaya masa. Mai kaya bai san gidan mai saye ba, kuma bai damu ya sani ba, domin daga hannun kamfanin zai karɓi kuɗinsa.

Akwai kuma wasu ƴan kasuwa da matanmu masu turke rago don layya za su gane sana'arsu da wuri. Su ba su da goɗiya, ba su kuma da niyyar shiga sukuwa. Suna sayen ɗan doki da aka yaye a gwanjon watan Disamba, su ciyar da shi, su gyara shi, su dawo da shi kasuwa bayan wata 8 ko 10. Wasu kuma su sayi duƙushi, su koya masa sirdi da linzami, su kawo shi gwanjon watan Mayu, inda ake sa kowane doki ya yi ɗan gajeren gudu a gaban masu saye. In ubansa ya yi suna a tsakanin sayen da sayarwar, sun ci riba. In dabbar ta gurɗe ƙafa, uwar kuɗi ta tafi.

Mai tsada daban, mai gudu daban

Abin tambaya shi ne, shin wanda ya fi biya shi ke samun dokin da ya fi gudu? Tarihin kasuwar ya ba da amsa. Babbar gasar sukuwa ta Faransa ita ce Arc de Triomphe, wadda ake yi a Paris a farkon watan Oktoba, da kyautar yuro miliyon 5 da ake raba wa na gaba-gaba. A watan Oktoba na 2011 an kawo wata duƙusa mai suna Trêve gwanjon Deauville. Tayi ya tsaya a yuro dubu 22, wajen sefa miliyon 14 da rabi, masu ita suka koma da abarsu. Wannan goɗiya da manyan dillalai suka wuce ba su waiwaya ba, ita ce ta ci Arc a 2013, ta sake ci a 2014. Ace Impact, wanda ya ci gasar a 2023 kuma ba a taɓa kayar da shi ba, yuro dubu 75 aka saye shi a Agustan 2021, kuɗin da bai kai rabin matsakaicin farashin wannan gwanjo ba. Sottsass, zakaran 2020, shi ya ɗan yi tsada, yuro dubu 340 a 2017, amma ko shi akwai da dama da suka fi shi kuɗi a shekarar.

Ta ɗaya gefen kuma, a 1983 a kasuwar Keeneland ta jihar Kentaki a Amurka, an sayi wani duƙushi mai suna Snaafi Dancer a kan dala miliyon 10 da dubu 200. Bai taɓa shiga tsere ko sau ɗaya ba, da aka mai da shi wajen kiwo kuma haihuwar ma ta zo masa da matsala. A 2006 wani mai suna The Green Monkey ya kai dala miliyon 16. Sau 3 ya yi tsere, bai ci ko ɗaya ba.

Ba muna cewa asali ƙarya ba ne. In aka haɗa lissafi gaba ɗaya, ƴaƴan manyan ingarmu sun fi yawan cin manyan gasa, shi ya sa ake rububinsu. Amma kyan ɗan kwarai ya gaji ubansa, ba kullum yake gada ba. Mai saye kuma bai gama kashe kuɗi ranar gwanjo ba. Wajen manyan masu horo, ci da kula da doki ɗaya na cin yuro dubu 2 ko fiye a kowane wata, wato sama da sefa miliyon 1 da jika 300, kuma sai doki ya shiga shekara ta biyu ko ta uku kafin ya soma tsere. Mafi yawan masu dawaki ba sa mai da abin da suka kashe. Su kansu sun san haka. Abin da suke saye shi ne fatan a ce wata rana nasu ne ya zo na ɗaya, ya zama ingarman da duniya za ta yi layi a ƙofarsa.

Masu riba ta tabbas

A kasuwar da ake sayen fata, riba ta tabbas tana wajen mutum uku. Na farko mai ingarma. Misali Siyouni, na gidan kiwon Aga Khan a Normandi, wanda shi ne uban Sottsass. Lokacin da ya soma baye a 2011, yuro dubu 7 ake biya a kai masa goɗiya. Da ƴaƴansa suka yi ta cin gasa, kuɗin ya yi ta hawa har ya kai yuro dubu 200 a 2024, kuma ingarma mai farin jini yakan hau goɗiya sama da 100 a shekara. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Na biyu kamfanin gwanjo, wanda ke cire kasonsa a kowane ciniki. Na uku dillali, wanda bisa al'ada ke karɓar kashi 5 cikin 100, ko doki ya yi gudu ko ya yi barci.

Mai goɗiya, wato makiyayin da ke kawo kaya kasuwa, shi ke tsakiya. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, ɗan kuma sai ya yi shekara ɗaya da ƴan watanni kafin a kai shi gwanjo. Ke nan daga ranar baye zuwa ranar karɓar kuɗi wajen shekara 2 da rabi ne, ana ciyarwa, ana biyan ƴan barga da likita, ga kuɗin baye a kai. Manyan gidajen kiwo masu goɗiyoyi na asali suna cin moriya. Ƙaramin makiyayi kuwa da ya kai goɗiyarsa wajen ingarman da kasuwa ta daina yayinsa kafin ɗan ya girma, sau da yawa yakan sallama ƙasa da abin da ya kashe.

Kada kuma mu ɗauka duka dillalan can waliyyai ne. Cin la'ada baki biyu, wato dillali ya karɓa wajen mai saye ya kuma zagaya ya karɓa wajen mai kaya a ɓoye, ya yi ƙamari har jihar Kentaki ta kafa doka a 2006 da ta hana wakiltar ɓangare biyu ba da saninsu ba. A 2019 wani bincike da hukumar sukuwa ta Ingila ta sa aka yi ya gano irin wannan cuta, da kuma haɗa baki a yi ta tayin ƙarya don a hau da farashi. Halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Bambancin shi ne a can akwai takardar da za a kama mutum da ita.

Ina tushen kuɗin?

Kuɗin da ke juya wannan kasuwa ta ƙofa biyu suke shigowa. Ƙofar sama ta attajirai ce: gidan Godolphin na Shaihu Muhammad bin Rashid, sarkin Dubai, gidan Coolmore na ƙasar Ailan, ƴan gidan sarautar Katar, ƙasar da ke ɗaukar nauyin gasar Arc tun 2008, da masu kuɗin Amurka da Japan. Idan biyu daga cikinsu suka ƙyalla ido a kan doki ɗaya, to ranar mai kaya ya taki sa'a, don ba wanda ke son a ce shi ya fara sauke hannu. Amma wannan ƙofa tana bin iskar arzikin duniya. Bayan durƙushewar bankuna ta 2008, cinikin babban gwanjon Keeneland na watan Satumba ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100 a 2009.

Ƙofar ƙasa kuwa ta talaka ce. A Faransa kamfanin PMU, wanda aka kafa a 1930, shi ke tattara kuɗin masu caca a kan dawaki. Bayan an biya waɗanda suka ci, gwamnati ta ɗauki harajinta, ribar da ta rage ana miƙa ta ga hukumomin sukuwa, kuma a 2023 ta haura yuro miliyon 800, wato sama da sefa miliyar 500. Daga nan ake biyan kyaututtukan tsere, har da ƙarin da ake ba mai doki da makiyayi idan dokin haifaffen Faransa ne. Wannan kyauta ita ke sa matsakaicin mai kuɗi ya yarda ya sayi duƙushi a gwanjon Oktoba. Ke nan ɗan canjin da leburan Faransa ke zubawa a tiyarse shi ke riƙe da ƙasan kasuwar.

To a nan ne gizo ke saƙa a yanzu. Cacar dawaki tana ja da baya a Faransa, matasa sun fi karkata ga ta ƙwallon ƙafa a wayar salula. A ranar 7 ga watan Nuwamba na 2024, masu sana'ar dawaki suka dakatar da tsere suka yi zanga-zanga a Paris, saboda wani shiri na ƙara haraji a kan cacar. A 2025 hukumar France Galop ta rage kuɗin kyaututtuka. Sarkin da ke sayen doki na miliyar ba zai ji wannan a jikinsa ba, tunda ba don kyautar ya saya ba. Wanda zai ji shi ne ƙaramin mai doki da zai fasa saye, da ƙaramin makiyayin da zai koma gida da kayansa. Gwanjon Agusta na iya ci gaba da ƙyalli alhali na ƙasa da shi suna kuka, kamar yadda kantin babban ɗan kasuwa ke cika yayin da mai tebur ke kwana da kayanta.

Abin da za mu ɗauka

Ga ƴan uwanmu da ke bin takardar PMU, malamai sun riga sun faɗi hukuncin caca, ba sai mun maimaita ba. Mu dai lissafin kasuwa muke ƙarawa a kai. Mutumin da ya zo da likita, ya ga hoton ƙashi, ya karanta asali har kaka da kakanni, ya biya miliyar, yakan yi kuskure. Ina ga wanda ke zaune nisan dubban kilomita, bai taɓa ganin dokin ba sai lambarsa? An tsara abin ne yadda mai karɓar kuɗin zai cire kasonsa kafin a raba saura. Uwargida da ke ganin kuɗin cefane na zurarewa ta wannan hanya tana da hujjar yin magana.

Ga masu sana'ar dabbobi kuma, ba muna cewa mu kai dawakinmu Deauville ba. Ba sa cikin littafin, kuma dokokin lafiyar dabbobi na Turai ba sa barin dawakin yankinmu su shiga saboda cutar dawaki ta Afirka. Abin dubawa shi ne yadda dabbar da ba a gwada ba ta yi daraja don an rubuta asalinta, an bayyana lafiyarta, an san la'adar kowa, an kuma tabbatar wa mai kaya kuɗinsa. Mu ma muna da iri masu suna: jar akuya ta Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, saniyar Azawak da ake inganta irinta a Tukunus, da ragon balami. Amma a yawancin kasuwanninmu shaidar asali da lafiya ba ta wuce bakin dillali ba, bashi kuma na kashe jarin mutane da dama, musamman mata masu kiwon gida da ke ba da dabba a kai musu kasuwa, a dawo a faɗa musu abin da aka ga dama.

Ƙungiyoyin makiyaya, shugabannin dillalai da magadan gari na iya somawa da abin da bai fi ƙarfinmu ba: littafi a kowace kasuwar dabbobi da za a rubuta mai saye, mai sayarwa da farashi, rasit a hannun mai dabba, la'ada sananniya da aka kafe a bakin kasuwa, da takardar rigakafi daga ma'aikacin dabbobi. Wanda ya riƙe iri mai kyau ya rubuta haihuwarsa, ko da a littafin ɗan makaranta ne. Turawan ma da littafi ɗaya suka soma a 1791.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da cinikin da-na-sani.